Yadda Ake Shirya Teburorin Zango Kafin a Gina Kiyub na Nazarin Bayanai

Manaja ya buɗe Excel, ya ja "Jiha" zuwa gefe, ya ja "Wata" zuwa sama, kafin ya ɗauke hannu cinikin shekara guda ya bayyana a gabansa. Abin da ke ba shi wannan amsa cikin sauri shi ne kiyub, wato ma'ajiyar da aka zuba alƙaluma a cikinta aka jera su ta fuskoki da yawa: lokaci, wuri, kaya, mai saye. Tun kafin 1993 da masanin rumbun bayanai E. F. Codd ya raɗa wa irin wannan nazari suna OLAP ake gina su, kuma Microsoft ta shigo fagen da SQL Server 7.0 a 1998, da abin da daga baya ya zama Analysis Services, kayan aikinta na gina kiyub. Da shi za a yi misali a nan, amma ƙa'idojin suna aiki a kan takwarorinsa irin su Essbase, Mondrian da Apache Kylin.

Kiyub ba ya gyara bayanai. Hadda yake yi: abin da aka karanta masa shi yake riƙewa, ya tara, ya maimaita wa duk wanda ya tambaya. Don haka kusan duk aikin yana ƙasa da shi, a rumbun bayanai mai teburori masu alaƙa da juna, inda bayanai ke sauka su huta kafin su wuce. Wannan wuri shi muke kira zango. A zango kana iya buɗe kowane layi da SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, ka ga daga ina ya zo. Da zarar ya shiga kiyub ya narke cikin jimilla, gano inda aka yi kuskure ya zama aiki ja.

A duk bayanin da zai biyo, a ɗauka kamfanin rarraba kaya ne mai rassa 40 da nau'in kaya 3,000, kowane reshe da na'urar sayarwarsa, kuma ana so a san ciniki da ragowar kaya a sito.

Dalilin da ya sa ba a jona kiyub kai tsaye da rumbun ciniki

Ana iya yi, kuma ranar farko zai yi aiki. Matsalar tana zuwa daga baya. Lokacin da Analysis Services ke cika wata fuska, yana aika wa rumbun tambayar SELECT DISTINCT ga kowace sifa ta fuskar, kamar suna ko rukuni, sannan ya karance teburin ciniki daga farko har ƙarshe. Idan rumbun da masu karɓar kuɗi ke aiki da shi ne, za su ji a jikinsu. Ban da haka, rumbun ciniki yana motsi: ka gama karanta jerin kaya da ƙarfe biyu, an ƙara sabon kaya da biyu da minti biyar, an sayar da shi, ka zo karanta ciniki da biyu da kwata ka tarar da lambar da ba ka sani ba. Kuma rumbun ciniki ba ya ajiye tarihi. In an canja wa dillali yanki, tsohon yankin ya shafe ke nan.

Mataki na farko: kwashe kaya yadda suke

Ka buɗe rumbu na daban, ko aƙalla sashe na daban, ka yi teburi ɗaya ga kowane teburi ko fayil da ke zuwa daga tushe. Kada ka gyara komai a nan. In fayil ɗin CSV ne, ka karɓi kowane gurbi a matsayin rubutu, domin layi ɗaya mai kwanan wata marar kyau kada ya tsayar da lodin dare gaba ɗaya. Ka ƙara gurabe uku naka: lambar lodi, lokacin da aka ɗauko, da sunan tushe ko reshe. Ranar da akanta zai ce cinikin Talata bai yi daidai ba, waɗannan ukun ne za su fishe ka.

Nau'in gurbin rubutun ya zama nvarchar, mai ɗaukar haruffan kowane harshe, ba varchar ba. Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ babu su a tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma da yawancin rumbuna ke zuwa da shi, don haka sunan "Ɗanladi" yana iya shiga da alamar tambaya a gaba, kuma in ya lalace a nan ba ya dawowa. SQL Server 2019 ya kawo damar ajiye UTF-8, tsarin haruffan da ke ɗaukar su, a varchar, amma sai an zaɓe ta da gangan. Fayilolin da suka bi ta Excel kuwa suna da nasu ciwon: sifirin farko na lambar waya yana faɗuwa, kuma 03/04/2024 yana iya zama uku ga Afrilu ko huɗu ga Maris. Muguntar wannan ita ce ranakun 13 zuwa 31 suna fitar da kuskure a gani, na 1 zuwa 12 kuwa su juye shiru.

Ƙananan teburori, irin su jerin kaya da rassa, a share a sake kwasowa duka kowane dare. Teburin ciniki ne ake ɗauko sabon abin da ya shigo kawai. A nan mutane ke faɗawa rami: suna tace bayanai da ranar ciniki. Reshen da intanet ɗinsa ya ɗauke kwana uku zai turo cinikin Litinin ranar Alhamis, kai kuwa ka riga ka wuce Litinin. Ka tace da lokacin da layin ya iso ko aka taɓa shi, ta amfani da rowversion, lambar da ke canjawa duk lokacin da aka taɓa layi, ko gurbin lokacin sauyi, ka kuma riƙa komawa baya kaɗan fiye da inda ka tsaya jiya, ka cire maimaici da lambar rasit. Wannan hanya ba ta ganin layin da aka goge. In ana goge rasit a tushe, sai ka kunna Change Data Capture, mai rubuta kowane sauyi har da gogewa, wanda ya zo tun SQL Server 2008, ko ka riƙa gwada jerin lambobin rasit na kwanakin baya da abin da ke hannunka.

Mataki na biyu: tsayar da ƙwaya

Kafin ka rubuta ko da layi ɗaya na teburin ma'aunai, wato mai ɗauke da alƙaluman da kiyub zai tara, ka rubuta jimla guda da ke faɗin abin da layi ɗaya yake nufi. Misali: "layi ɗaya shi ne kaya iri ɗaya a kan rasit ɗaya." Wannan ita ce ƙwayar teburin. Duk alƙalamin da bai dace da wannan jimla ba, ba gidansa ba ne.

Ga yadda ake karya ta. Rasit yana da kaya iri huɗu, da kuɗin dako naira 5,000 na rasit ɗin baki ɗaya. Ka haɗa teburin rasit da na layukan kaya, sai 5,000 ɗin ta bayyana a kowane layi, kiyub ya tara ya ce 20,000. Babu saƙon kuskure, babu komai. Mafita biyu ce: ko a raba kuɗin dakon a kan layukan gwargwadon darajarsu tun a zango, ko a yi masa teburi na daban mai ƙwayar rasit. Ragowar kaya a sito ma teburinta daban, mai ƙwayar "kaya ɗaya a reshe ɗaya a ƙarshen rana ɗaya."

Kada ka taƙaita ciniki zuwa jimillar rana don rage girma sai in dole. Tarawa aikin kiyub ne, kuma abin da ka dunƙule a zango ba ya warwaruwa ranar da aka tambaye ka cinikin safe da na yamma.

Mataki na uku: teburorin fuska da mabuɗansu

Nan ne aikin yake, nan ne kuma yawancin saƙonnin kuskure ke fitowa.

Kowace fuska teburi ɗaya ce shimfiɗaɗɗiya: kaya da rukuninsa da kamfanin da ya yi shi a layi guda, reshe da ƙaramar hukumarsa da jiharsa a layi guda. Teburin ma'aunai a tsakiya, su kuma kewaye da shi, shi ya sa ake kiran tsarin tauraro. Kowane layi ka ba shi mabuɗi naka na gida, lamba zalla mai ƙaruwa daga 1, ka ajiye lambar tushe a gurbi na daban. Dalilai uku ne. Rassa biyu suna iya amfani da lamba ɗaya ga kaya daban-daban. Lamba zalla ta fi rubutu sauƙin nema idan ana cika layuka miliyoyi. Kuma sai da mabuɗin gida ake iya ajiye tarihi.

Maganar tarihi: a ce dillali yana ƙarƙashin reshen Zariya, a watan Yuli aka mayar da shi Kaduna. In ka rubuta sabon reshe a kan tsoho, duk cinikinsa na baya ya koma Kaduna, rahoton Maris da aka riga aka kai wa shugabanni ya canja. In ana son tarihi ya tsaya, sai a rufe tsohon layi da ranar ƙarewa, a buɗe sabo da sabon mabuɗin gida da ranar farawa. Masanin rumbun bayanai Ralph Kimball ya kira na farko nau'i na 1, na biyu nau'i na 2. Wanda za a bi ba kai ne mai yanke shi ba, masu karanta rahoton ne, kuma sifa-sifa ake tambaya. Gyaran kuskuren rubutun suna nau'i na 1 ne. Sauyin yanki ko rukunin farashi galibi na 2 ne. Kada ka sa duk sifofi a nau'i na 2 don gudun zargi, teburin masu saye zai kumbura a banza.

Yanzu ga kuskuren da ya fi kowane yawa, wanda Analysis Services ke cewa ya ga mabuɗi biyu iri ɗaya. Asalinsa kullum ɗaya ne: mabuɗi guda yana nuna abu biyu. Ƙananan hukumomin Najeriya 774 ne, amma sunayensu ba 774 ba ne. Akwai Nasarawa a Kano, akwai Nasarawa a jihar Nasarawa. Akwai Bassa a Kogi da Filato, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo. In ka sa sunan ƙaramar hukuma a matsayin mabuɗi, ka kuma gaya wa kiyub cewa kowace ƙaramar hukuma jiha ɗaya take, ko dai lodin ya tsaya, ko kuma, in an kashe ƙorafin, cinikin Bassa biyu ya taru a jiha ɗaya. Na biyun ya fi muni. Gyaran shi ne kowace ƙaramar hukuma ta sami lambarta a zango, sunan ya zama abin nunawa kawai. Haka wata: "Janairu" ba mabuɗi ba ne, 202401 ne mabuɗi.

Sauran hanyoyin da wannan kuskure ke shigowa ƙanana ne amma masu cin rai. Rumbun da ke bambanta babban harafi da ƙarami zai turo "Kano" da "KANO" a matsayin abu biyu, kiyub ɗin da ba ya bambantawa ya gan su ɗaya. Gurbin da ke da NULL, alamar ba a sa komai ba, a wani layi da rubutu fanko a wani, kiyub yana mayar da NULL ɗin fanko, su yi karo. Akwai kuma haruffan da ido ba ya gani, irin alamar sabon layi da ke maƙale a ƙarshen suna. Kafin kowane lodi ka gudanar da tambaya mai sauƙi ga kowane mataki na tsanin fuska, kamar ƙaramar hukuma zuwa jiha: a tara da mabuɗi, a ƙirga iyaye daban-daban, wato na matakin sama, a nuna duk wanda ya wuce ɗaya. In ta dawo da ko layi ɗaya, kada a taɓa kiyub.

Kowane teburin fuska ya kasance da layi mai mabuɗi -1 da suna "Ba a sani ba". Cinikin da bai zo da lambar mai saye ba, can zai tafi, kuɗinsa ya shiga jimilla, kowa ya ga girman giɓin. Wanda ya zo da lambar da ba a sani ba tukuna, misali sabon kaya da aka sayar kafin jerin kaya ya iso, hukuncinsa daban: a buɗe masa layi na wucin gadi da lambar tushen, a sa alamar cewa bai cika ba, gobe in bayanansa sun iso a cike. Analysis Services yana da zaɓin da zai watsar da irin waɗannan layuka ya ci gaba da aiki. Mu dai shawararmu a bar shi yana tsayawa. Kiyub ɗin da ya ƙi cika da dare ya fi wanda ya cika da ragin kuɗin da ba wanda ya sani.

Fuskar lokaci

A gina ta da hannu, layi ɗaya ga kowace rana, mabuɗinta lamba irin 20240315. Shekara goma layuka 3,650 ne da 'yan kai, ba wani nauyi. A sa mako, wata, zangon shekara, shekarar kuɗi, da ranakun hutu. Mai sayar da sukari, shinkafa ko atamfa zai so gwada azumin bana da na bara, kuma watan Musulunci yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka gwada Maris da Maris ba ya ba da amsa. A ƙara gurbin watan Hijira da na "rana ta nawa ga azumi". Ranar farawa a shigar da ita da hannu bayan sanarwar ganin wata, don lissafin kwamfuta yana iya saɓawa da kwana ɗaya.

A kula da agogo. Najeriya da Nijar suna gaban UTC, agogon duniya, da awa ɗaya. Manhajar da ke ajiye lokaci da UTC za ta rubuta cinikin ƙarfe 12:30 na dare a ranar jiya. A mayar da lokaci na gida kafin a fitar da mabuɗin rana.

Mataki na huɗu: teburin ma'aunai

Mabuɗai da alƙaluma kawai, sai lambar rasit da lambar lodi. Ana samo kowane mabuɗin gida ta neman lambar tushe a teburin fuska, kuma ga fuska mai tarihi sai ranar cinikin ta faɗa tsakanin ranar farawa da ta ƙarewa. In ranakun layuka biyu suka hau juna ko da kwana ɗaya, cinikin ranar zai ninku.

Abin da ke taruwa kawai ake ajiyewa: adadi, kuɗi, ragi, haraji, kuɗin saye. Matsakaici da kaso cikin ɗari ba sa taruwa. Wani reshe ya sayar da buhu 10 a kan naira 50,000, wani ya sayar da 990 a kan 40,000. Matsakaicin farashin biyu 45,000 ne, amma gaskiyar ita ce 40,100,000 a raba da 1,000, wato 40,100. Ka ajiye jimillar kuɗi da adadin buhu, kiyub ya yi rabon a lokacin tambaya. Haraji ma kuɗinsa ake ajiyewa a kowane layi, ba a lissafo shi daga baya da kaso ɗaya, domin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, kuma ba kowane kaya ake cajinsa ba. In akwai reshe a Maraɗi da ke ciniki da sefa, a ajiye kuɗin asali, da nau'in kuɗin, da abin da ya kama a naira a farashin ranar.

Ragowar kaya tana taruwa a kan rassa amma ba ta taruwa a kan lokaci. Buhu 200 da suka kwana bakwai a sito ba 1,400 ba ne. A kiyub ana sa wa irin wannan ma'auni LastNonEmpty, mai ɗaukar adadin ranar ƙarshe da ke da bayani, amma sai zango ya rubuta sifiri ranar da kaya suka ƙare. In ba a rubuta layin ba, rahoto na iya nuna tsohon adadi kamar kayan na nan.

Sai nau'in lamba. Gurbin int ba ya wuce 2,147,483,647. Kowane layi yana iya zama ƙarami, amma kiyub yana gadon nau'in daga gurbin, kuma jimillar shekara a naira tana wuce biliyan biyu cikin sauƙi. Ranar da ta wuce, sai ka ga jimilla da alamar ragi a gaba. Ruwa ba ya tsami banza: ka duba nau'in ma'aunin. Kuɗi a sa money ko decimal, adadi mai yawa bigint, float kuwa a bar shi ga ma'aunin kimiyya, don yana kawo saɓanin kwabo da akanta ba zai yafe ba.

Mataki na biyar: taga, yanki da cikawa

Kada kiyub ya karanta teburi kai tsaye. A yi wa kowane teburi taga ta SQL (view), wato ajiyayyiyar tambaya mai lissafa gurabensa da suna, kiyub ya karanta tagar. In an sauya teburi gobe, a taga za a daidaita. Analysis Services yana ba da damar rubuta tambayoyi da lissafi a cikin Data Source View nasa, amma abin da aka ɓoye a can mai kula da rumbu ba ya ganinsa, ba ya kuma iya gwada shi.

Babban teburi ana yanka shi wata-wata ko shekara-shekara, domin da dare a sake cika watan da ake ciki kawai da wanda ya gabace shi, saboda cinikin da ke makara. Kiyub ba ya duba ko yankuna sun hau juna. In sharaɗin Janairu ya ƙare a 20240201 kuma na Fabrairu ya fara daga nan, ranar ta shiga sau biyu. In an manta buɗe yankin sabon wata kuma, ciniki ya tsaya a zango ba wanda ya yi ƙara. Fihirisar teburin ta kasance a kan mabuɗin rana, don kowane yanki ya karanta nasa kaɗai.

Jerin cikawa kullum fuskoki ne farko, sannan ma'aunai. ProcessUpdate, umarnin sabunta abin da ya canja, ake yi wa fuska a lodin dare. ProcessFull, mai sake cikawa daga farko, a kan fuska yana zubar da duk yankunan da suka dogara da ita, sai an sake cika su kafin kowa ya iya buɗe rahoto. ProcessUpdate in ya ga sauyi yana zubar da wasu jimillolin da aka tanada, shi ya sa rahoto ke yin nauyi da safe ba gaira ba dalili. A bi shi da ProcessIndex, mai sake gina su. In ka gaya wa kiyub cewa alaƙar dillali da reshe ba ta canjawa, sannan zango ya canja ta, ProcessUpdate zai tsaya da kuskure. ProcessAdd, mai ƙara sabbin layuka, kuma ba ya tuna abin da ya riga ya ɗauka: a gudanar da shi sau biyu a kan lodi ɗaya, ciniki ya ninku.

Game da jimillolin da ake tanada, kada a yi haɗama. Fuskoki 10 suna ba da haɗi 1,024, fuskoki 15 suna ba da 32,768, tun ba a ƙirga matakan cikin kowace ba. A fara da kaɗan, a kunna rajistar tambayoyi na 'yan makonni, a tanadi waɗanda mutane ke nema da gaske.

Tantancewa kafin a buɗe wa mutane

A yi teburi guda na tantancewa. Bayan kowane lodi a rubuta a cikinsa adadin layuka da jimillar kuɗi, rana-rana kuma reshe-reshe, daga wurare huɗu: tushe, zangon farko (teburorin mataki na farko), teburin ma'aunai, da kiyub ta tambayar MDX, harshen tambayar kiyub. Inda lambobi biyu na kusa suka saɓa, nan matsalar take. Saɓani tsakanin tushe da zangon farko na kwasowa ne. In teburin ma'aunai ya fi zangon farko yawa, haɗi ne ya ninka layuka. In ya gaza, haɗi ne ya zubar da waɗanda ba su sami abokin haɗi ba. Tsakanin teburi da kiyub kuwa, a duba sharuɗɗan yankuna. A ƙara ƙidayar layukan da suka tafi -1 a kowace fuska, a sa iyaka da masu rahoton suka yarda da ita, in an wuce ta lodin ya tsaya, kiyub na jiya ya ci gaba da aiki, saƙo ya tafi wa mai kula da lambar lodin da sunan reshen.